Hawa Goma Sha Huɗu da Gwiwa Biyu

Tun da asuba tsohon birkila yake zaune a bakin gado yana murza man zafi a gwiwoyinsa. Ya shafa ta dama, ya shafa ta hagu, ya sake komawa kan ta dama, don ita ce mai taurin kai. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana ɗora bulo kan bulo a dogayen gine-ginen tsakiyar gari. Abin da ya fito da shi ke nan: gwiwa biyu masu ƙara kamar tsohuwar ƙofa, da ido mai gane karkataccen bango tun daga tsallaken titi.

Jikarsa ce ta hana shi sakat. Nas ce a wani asibiti a tsakiyar gari, mota uku take hawa kafin ta isa aiki, uku kafin ta dawo gida, har ta fara gyangyaɗi a tsaye. Ta samu ɗaki da falo na haya a hawa na goma sha huɗu, tafiyar minti biyar zuwa asibitin. Uwarta kuwa, wato 'yarsa, ta kafe kai da fata: ba za a karɓi makulli ba sai Baba ya ga ginin da idonsa ya ce to. Shi kuma dillali ya ce ƙarfe tara zai miƙa makullin, ko gare ta ko ga wani da ke jira.

Takwas da kwata ya same ta a ƙofar ginin, tana safa da marwa cikin fararen kayan aiki, waya a hannu.

"...lafiya lau, lafiya lau, ya ƙafa, ya sauran haƙoran? Ango, bakwai da rabi fa muka yi da kai!"

"Ji mini mace. Miji ya iso, ko ruwa babu, sai agogo ake nuna masa. Wannan gaisuwa ce ko allura?"

"Allurar tana jaka. Ka ƙara minti ɗaya ka gani."

"Da ma na faɗa wa uwarki, auren nas ba riba. Ka yi tari a ce buɗe baki, ka yi dariya a ce jininka ya hau."

"Ni ma an faɗa mini auren birkila ba riba. Ya gina wa duniya bene, ya bar iyalinsa a ɗaki mai yoyo."

"Da gangan na bar yoyon nan, don ki riƙa tunawa da ni duk damina."

"Na tuna ka, na gode. Taho mu shiga."

A ciki dillali yake jira, mutum mai ƙyallin takalmi da tarin makullai a yatsa. Bai gama gaisuwa ba ya fara wa'azi. A dubi tayil, a dubi gilashi, a dubi fitilu, wai ginin nan ko sauro sai ya nemi izini kafin ya shigo. Tsoho bai dubi ko ɗaya ba. Ya sha ganin masu irin wannan baki. A wurin aiki su ne suke zuwa ranar da aka gama, su tsaya a inuwa suna nuni da yatsa.

Dillali ya danna wani maɓalli a bango, ƙofar lifta ta buɗe. Ya ce, "Bismillah, Baba."

Tsoho ya kalli akwatin ƙarfen, ya kau da kai. "Ina matakala?"

"Matakala kuma? Baba, hawa goma sha huɗu ne fa."

"Na iya ƙirga. Ina take?"

Jikar ta dafe kai. "Ango, don girman Allah. Takwas da minti ashirin."

"Amarya, gini kamar mutum ne. Wannan zauren fuska ce, kowa yana wanke fuska. Matakala ita ce bayan kunne. A can ake gane ƙazami."

"To ai kai naka bayan kunnen har yau akwai simintin da aka zuba tun kafin a haifi Mama."

"Shi ya riƙe mini kai bai faɗi ba. Kuma ranar da wuta ta ɗauke, ko hayaƙi ya tashi, tayil ne zai sauko da ke? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Wane rimi? Hawa goma sha huɗu zan hau. Daga can har sanƙonka zan riƙa hangowa."

Dillali ya ce shi dai zai jira su a sama, amma a tuna, tara tara ce. Lifta ta haɗiye shi.

Suka kama hawa. Tsoho yana taka kowace matakala da cikakkiyar ƙafa, yana jin ko tsayinsu ɗaya ne. Ya girgiza ƙarfen dafawa. A kowane hawa sai ya tura ƙofar fita ya ga ko tana buɗewa, ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya kasa kunne. Ita kuwa tana gaba da shi da taku biyar, ta hau ta dawo, ta hau ta dawo, kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai.

"Sallama kake yi wa bangon? Ba kowa a ciki."

"Shi nake so in ji. In ya amsa da babbar murya, to akwai rami, an ci siminti. Bango nagari ba shi da surutu. Ba kamar wata ba."

"Hawa na uku fa muke. Da wannan tafiyar taka, kafin mu isa na yi ritaya."

"Sauri ya haifi nawa. Ke har kin san hawa? Ni da nake kai buhun siminti biyu hawa na ashirin, ɗaya a ka ɗaya a hammata, ina waƙa."

"Bara da ka ba ni labarin nan buhu ɗaya ne, hawa goma."

"Labari ma girma yake yi, kamar yaro."

"Baɗi sai mu ji da motar simintin ka hau."

"Da direban a ciki."

Wayarta ta yi ƙara. Dillali ne, wai mutumin da ke jira ya bugo, yana hanya. Ta ce ga su nan, ga su nan, ta kashe, ta harari tsoho.

A hawa na biyar waƙar baki ta ragu. A na shida gwiwar dama ta fara magana, irin maganar da ba a yi mata gardama. Tsoho ya cije, ya ja ƙarfen dafawa da hannu biyu. Da suka kai na bakwai sai ya zauna daɓas a kan matakala, ya miƙe ƙafar, gumi yana bin wuyansa.

"Me ya faru? Ina mai buhu biyu?"

"Duba wannan matakalar nake yi. Akwai wadda ba a gane ta sai an zauna."

Ta tsuguna ta kama wuyan hannunsa, idonta a kan agogo. Ya fizge.

"Sakar mini hannu, ba asibitinku ba ne nan."

"Tara saura ashirin, Kaka." Wannan karon ba ta ce ango ba. "Saura hawa bakwai, kuma ƙafar nan ba za ta kai ka ba, ni da kai mun sani. Ga lifta nan bayan ƙofar nan. Minti ɗaya. Wallahi na gaji da barci a mota. Shekaranjiya sai da na wuce tashata, kwandasta ya tashe ni a ƙarshen layi."

Tsoho ya kalli takalminsa. Ya san gaskiya ta faɗa. Ya ga yadda idanunta suka faɗa a watannin nan, shi ya sa ma ya tashi tun asuba yana lallashin gwiwa.

"Ba na shiga akwatin nan."

"Saboda me?"

"Ba na shiga dai."

"Kaka."

Ya share gumi da hularsa. "Ban taɓa shiga ba."

"Ba ka taɓa shiga wannan ba?"

"Ko wacce. Mu muke gina ramin da take bi, tun daga ƙasa har sama. Na leƙa shi sau dubu, na san zurfinsa, na taɓa jefa tsakuwa na ƙirga kafin ta dira. Amma ranar da za a kawo akwatin a rataye, an riga an sallame mu, muna can wani filin muna haƙa. In gini ya yi fenti ya yi maigadi, wa zai bar birkila ya shiga?"

Ta kalle shi. Ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya gagara. Dariyar ta kuɓuce mata har tana amsawa a hawa na sama.

"La ilaha! Wanzami ba ya son jarfa! Ashe duk wa'azin bayan kunnen nan tsoro ne?"

"Rabi tsoro, rabi gaskiya. Kuma in kika faɗa wa uwarki na sake ki, saki uku."

"Ka sake ni a sama, can ya fi iska. Tashi."

"Igiya ce fa take riƙe da shi. Kin ga igiyar da idonki?"

"Kai da kake tafiya kan katako ɗaya a hawa na ashirin, ba igiya ba komai?"

"Katakon ni na kafa shi. Wannan wa ya ɗaura? Na san ubansa?"

"Kullum marasa lafiya nake turawa a cikin irinta a asibiti, har da tsofaffin da suka fi ka lalacewa, in akwai. Kawo hannu. In ka yi kuka ba zan faɗa ba."

Ya ba ta hannun. Ta ɗago shi, ta tura ƙofa, ta danna maɓalli. Da akwatin ya buɗe sai ya fara zura ƙafa ɗaya ya taka da ƙarfi, kamar mai gwada sabon kankare, sannan ya shigar da ɗayar. Ƙofa ta rufe. Akwatin ya motsa. Ya damƙe hannunta.

"Wayyo yatsuna! Da su nake cin abinci!"

"Komai nisan jifa dai..."

"Kaka, kar ka kuskura ka ƙarasa wannan karin maganar a nan!"

Kafin ya nemo wata, ƙofa ta buɗe. Ga dillali yana karkaɗa makullai yana duba waya.

"Har mun iso?"

"Mun iso."

"Hawa bakwai ke nan?" Ya waiwaya ya dubi akwatin. "Shekara arba'in. Kai, an cuce mu."

"Baba, tara saura takwas," in ji dillali, "mutumin yana ƙasa, yana neman wurin ajiye mota."

Tsoho ya wuce shi. Ya shiga ɗakin yana ɗingishi. Ya wuce kicin ya buɗe famfo gaba ɗaya, ya tsaya yana kallon ƙarfin ruwan, don ruwa ma yakan gaji kafin ya kai sama. Ya shiga banɗaki ya shafa bangon da ke bayan bututu, ya shinshina tafinsa. Ya buɗe ƙofar ɗaki rabi ya sake ta, ya jira ya ga ko za ta tafi da kanta. Ba ta motsa ba.

"Ango, saura biyar."

"Kar ki dame ni, ina hira da gida."

"Me ya ce?"

"Ya ce shi lafiyarsa lau, mai shigowar yake tsoro."

Ya taka zuwa taga, ya girgiza ƙarfenta. Garin yana shimfiɗe a ƙasa, motoci kamar tururuwa. Can ga wani dogon gini mai ruwan ƙasa, ga wani a bayansa. Ya san su tun suna rodi tsirara. Ya ɗan daɗe dai a wurin fiye da yadda duba taga yake bukata.

"Baba, mutumin ya shigo zaure," in ji dillali.

"Kira mini uwarki."

Ta danna, ta kara masa a kunne.

"Na gani," ya ce. "To." Ya ture wayar.

Dillali ya zare makulli biyu ya ajiye a tafinta. Ta damƙe su, ta yi tsalle ɗaya kamar 'yar shekara shida, sannan ta tuna da fararen kaya ta nutsu.

"Kar ki yi rawa tukuna. Matakalar hawa bakwai na duba, saura bakwai. Yanzu za ki bi su da ƙafa, ke da mai ƙyallin takalmin nan, ki tura kowace ƙofa. Wadda ta ƙi buɗewa, a gyara ta kafin ki kawo ko cokali."

"Ni ma, Baba?" in ji dillali.

"Ba kai ka ce ginin ba shi da aibi ba? Je ka gaishe shi."

"Na ji, zan bi," in ji jikar. "Kai kuma fa? Ta ina mai buhu biyu zai sauka? Ko in dawo in goya ka?"

Tsoho ya yi dariya har sauran haƙoran suka bayyana.

"Kin ci, 'yar banza. Yau kam kin ci. Na mayar da ke ɗakinki."

Ya fita yana jan ƙafar dama, ya tsaya gaban lifta, ya danna maɓallin da babban yatsa kamar mai toshe rami a bango. Ta buɗe, ya shiga shi kaɗai, ya gyara zaman hula.

"Na ƙasa za ka danna, Ango. Wancan mai sifili."

"Na iya ƙirga."

Ƙofa ta rufe. Ta tsaya da makullai a hannu tana kallon lambobin da ke saman ƙofar suna sauka, goma, tara, takwas, har sifili. Ta juya za ta nufi matakala, sai ta ga sun fara hawa kuma.

Da ƙofar ta buɗe yana tsaye a tsakiya, bai dafa komai ba.

"Har yanzu kina nan? Wuce ki yi aikin da na sa ki. Gwada igiyar nake yi."

Ya sake dannawa.