Sarkin Feda da Geron Zulai

Mu gode wa Allah, mutanen Kaura Namoda, domin ba kowane gari ake ba irin Honorabul Mu'awiya Nagoggo ba. Wasu garuruwan rijiya suka samu, wasu ɗakin haihuwa. Mu kuwa aka duba aka ga babbar matsalarmu ita ce tumbi, sai aka naɗa mana Mai Ba Oga Shawara na Musamman kan Motsa Jiki da Yawon Buɗe Ido. Sunan ya yi tsawo, yunwa kuma ba ta barin baki ya yi dogon zance, shi ya sa muka taƙaita muka ce Sarkin Feda, fedar keke.

Taro aka tura shi ƙasar Turawa. Sauran wakilai suka dawo da takardu, shi ya dawo da keke. Ba irin na malaman firamare da ake ɗora buhu a baya ba. Wani siririn abu ne kamar sauro ya yi jinya, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, sirdinsa ko tafin jariri bai kai ba. Kayan hawan kuwa, Allah Ya rufa asiri, tunda su ba su rufa ba. Ranar da ya fara fitowa cikin wando mai ɗame cinya da hular kwano, tsofaffin bakin masallaci suka sunkuyar da kai suna jan carbi. Shi ya ɗauka girmamawa ce, ya ɗaga musu hannu.

"Jama'a, na zaga duniya," in ji shi, bayan an saita masa kyamara. "Bature kuɗi yake biya, ya hau jirgi, don kawai ya sami titin da babu mota. Mu nan Allah Ya ba mu kyauta! Ku dubi hanyar Zurmi. Ba hon, ba hayaƙi, ba ɗan kabu-kabu. Gero dama, dawa hagu, sai kukan tsuntsaye. Wannan shi masana ke kira ci gaba."

Bai yi ƙarya ba, babu mota. Direbobin da ke bin hanyar, wasu suna maƙabarta, wasu an sayar da motocinsu aka fanso su daga daji. Mutanen ƙauyukan da ke gefenta suna cikin gari, a azuzuwan firamare, suna kwana ƙarƙashin allo. Shirun da Honorabul ke ɗauka a waya yana tura wa abokansa na Abuja, ɓarayin daji ne suka shimfiɗa shi. Shi nasa hawa.

Kuma yana hawa. Kowace Asabar da hantsi za ka ga mota a gaba cike da masu bindiga, mota a baya cike da masu bindiga, ga ta uku ɗauke da mai kyamara da kular lemo. A tsakiya Sarkin Feda yana nishi, yana more titin da babu mota. Kowace bishiya ya gani sai ya tsaya hoto, don haka tsohuwa mai sanda ma tana iya jera masa. In ya kai wata 'yar gada, numfashinsa ya ƙare. Nan ake shimfiɗa masa darduma, ya sha lemo, ya yi wa ciyawa jawabi, a juyo.

Cikin masu kwana a firamare akwai Zulai, mutuniyar Tungar Marke. An kashe mijinta bara a gona, ya bar ta da yara. Da damina, lokacin da abin ya ɗan lafa, ta riƙa lallaɓawa har ta shuka gero. Gero ya nuna, hanya kuma ta sake rufewa. In ba a yanke shi ba, tsuntsu zai fara, shanun mutanen daji su ƙarasa, kuma shi ne abincin yaranta na shekara. Ita ta fara lura cewa a duk mako, sa'ar da Honorabul ke wasa ce kaɗai bindiga ke bin wannan hanya tana kallon daji, ba tana kallon talaka ba.

Asabar ta gaba, mata suka biyo bayan motocin a ƙasa, kowace da wuƙa da igiya. Masu gonaki kusa suka riƙa faɗawa ciki suna yanka da sauri, suna leƙen ko an naɗe darduma.

Da Honorabul ya waiwaya ya gan su, har ƙwalla ya yi.

"Kun gani? Saƙona ya isa karkara! Mata sun rungumi tattaki!"

Nan take ya raɗa musu suna Ƙungiyar Mata Masu Motsa Jiki ta Nagoggo, ya sa aka raba musu huluna masu hotonsa. Bai tambayi wane irin motsa jiki ake yi da wuƙa da igiya ba. Manya ba sa tambayar ƙananan abubuwa.

Sai dai gonar Zulai tana gaba da gada. Ta taya wannan yanka, ta taya waccan ɗauri, nata geron tana hango shi ba ta iya zuwa. Ran nan, Honorabul yana kishingiɗe kan darduma, ta zo ta durƙusa.

"Ranka shi daɗe, Allah shi ƙara lahiya. Wata magana na jiyo kasuwa, ta hana ni barci."

"Faɗi, Hajiya, ofishina a buɗe yake."

"Cewa sunka yi wai wani na Shinkahi shina hawan nashi keken har Badarawa bai sauka ba. Wai namu ko tsamiyar Tungar Marke bai iya kaiwa. Na ce musu ƙarya kuke, ba ku san shi ba."

Honorabul ya miƙe, wando ya yi ƙara.

"Wa? Abdulhamid? Yaron da ya girma da jaki? Ina wannan tsamiyar?"

Imran, shugaban masu gadinsa, ya matso ya rage murya. "Yallaɓai, gaba da gadar nan ba namu ba ne."

"Ko'ina namu ne! A kunna kyamara."

Haka aka tafi, yana haki yana tangaɗi, mata na binsa da guɗa. Ba a taɓa yi wa mutum guɗa da zuciya ɗaya irin ta ranar ba. Suna isa, matan suka afka gonar Zulai gaba ɗaya, ko'ina sai ƙarar wuƙaƙe. Shi kuma ya jingine keken a rana, ya shiga inuwar tsamiya, ya gyara tabarau.

"Ina masu cewa babu zaman lafiya? Ga ni a tsakiyar daji, ni kaɗai da kekena! Tsoro, 'yan'uwana, ciwo ne na wanda ba ya motsa jiki. Ni Mu'awiya, tun ina yaro ban san..."

Tau!

Tayar keken ce rana ta gasa ta fashe. Amma kafin kowa ya gane haka, wanda ya zaga duniya ya riga ya zaga mota, ya faɗa ta taga da ka, ƙafafu a waje.

"Ja! Ja mota, don uwarka!"

Motoci uku suka juya a guje, da bindigoginsu da lemonsu. Ƙura ta kwanta. Aka bar 'yan Ƙungiyar Nagoggo tsaye cikin gero da hulunansu, a wurin da masu bindiga ma suka ce ba nasu ba ne.

Ba wadda ta tsaya kuka. Suka tattara abin da aka yanka, suka ɗaure, wasu suka ɗauka a ka. Zulai ta ɗora dami kan keken ta turo shi a kan ƙarfen taya, tana waiwaye, har cikin gari. Abin da ta tsira da shi bai fi tuwon wata guda ba. Sauran yana can a tsaye.

Ran Litinin muka ji shi a rediyo. Ya ce ya ba wata baiwar Allah da mijinta ya rasu kyautar keke na ƙasar waje, domin ta dogara da kanta, kuma yana kira ga masu hali su yi koyi da shi. Da la'asar ya aiko Imran firamare ya karɓo keken, ya ce a kakkaɓe masa ƙaiƙayi.

Zulai ta kakkaɓe da gefen zanenta, ta miƙa.

"Ka ce mai mun gode. Asabar mai zuwa za shi hita? Geron nan bai ƙara sati."

Imran ya kasa haɗa ido da ita.

"Inna, ya daina hawa titi. Ya ce jama'a sun yi yawa, sun ɓata masa shirun. An yo masa odar wani daga Legas, wanda ake kafewa a falo. Kana taka feda, kana gumi, amma ba ya zuwa ko'ina."

Shanu suka shiga gonar ran Laraba. Sabon keken ya iso ran Alhamis, aka kafe shi gaban fanka. A faɗi gaskiya, tunda aka ƙirƙiro wannan muƙami ba a taɓa sayo abin da ya dace da shi kamar wannan ba.