Tukunyar Doña Tránsito Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu tashi take yi, ni Baudilio Funes nake sanar da dangi rasuwar babbar tukunyar dalma ta surukata, Doña Tránsito. Ta cika a bayan gidana ranar Talata da hantsi. Ina amsa ƙaramin laifi guda: da aka yi cigiyarta a watan Agusta na ce ban gan ta ba. Tana wurina. Mai ita ba ta sani ba har yau.

Marigayiyar ta shekara talatin da huɗu tana hidima. Tamal, alalen masarar nan namu, ɗari da ashirin take ɗauka a zama ɗaya, naɗe cikin ganyen ayaba, ba ta taɓa ƙona na ƙasa ba. In ta tafasa murfinta ya ce kwal-kwal-kwal, sai maƙwabta su tuna ba su gaishe mu ba.

Santsin cikinta ne ya haɗa mu. 'Yata Dilcia ta tafi karatu birnin San Pedro Sula ta bar mini tsakarta, wata mai dabbare-dabbare da ba ta cin komai sai gyare mai rai. Na fara kiwonsu a kwali, suka cinye kwalin suka bazu cikin gida. Jikin marigayiyar kuwa ba ƙafar da ke kama shi. Na jera mata kiret-kiret na ƙwai, na ɗaure bakinta da ragar sauro. Wata biyu tana rera kirir-kirir ba gajiya.

Ciwon ajalin ya zo da damina. Matata Idalia ta ce, "Baudilio, ko gyarenka su yi shiru, ko kai da su ku nemi gidan haya." Na cire raga na ɗora murfi. Na yanka musu gwanda kada ƙishirwa ta kama su, kamar kowane uba nagari. Waɗanda suka mutu a ƙasa na ce sai Lahadi zan kwashe. Ban faɗi wace Lahadi ba. Murfin lotsattse ne, ta nan ƙananan ƙudajen nan suka shiga, irin waɗanda ba sa tashi sai dai gudu.

Ranar Talata na buɗe. Warin ne ya fara yi mini maraba. Kiret ɗin sun zama kunu. Gwandar tana motsi. Na ɗauka idona ne, na sa tabarau, na yi da-na-sani. Tsutsotsi farare ƙosassu, har bakin murfi, suna cakal-cakal kamar ana juya shinkafar da ta caɓe. Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Idalia ta leƙo, hanci cikin wuyan riga. "Wannan ba tukunyar Mama ba ce?"

Na ce kama ce.

"Sarkin kiwo, ga sunanta da jan fenti a gindi!"

An yi iya ƙoƙari: tafasasshen ruwa, toka, lemon tsami, bilic sau uku. A ido ta warke. Amma na ga abin da na gani.

Ta bar murfi ɗaya, gyare goma sha ɗaya, tsaka da ba ta san me ake ciki ba, da jikoki farare da ban tsaya ƙirgawa ba.

An tsara jana'iza ranar Alhamis, idan motar mai sayen tsofaffin ƙarafa ta biyo layinmu. Dole kafin Asabar, ranar bikin cikar Doña Tránsito shekara tamanin, inda dukanku za ku ci. Ba a buƙatar furanni.

Sai dai jiya na ajiye gawar a ƙofar gida ta sha rana, Doña ta biyo daga coci ta gan ta tana ƙyalli.

"Ashe kai ka nemo mini ita? Har da wanki? Ɗan albarka!"

Shekara ashirin da shida ina auren 'yarta, jiya ta fara kira na haka. Na dubi Idalia, Idalia ta dubi sama. Ni na ɗauki tukunyar a ka har gidanta.

An ɗage jana'izar. Tun safe aka jiƙa masarar bikin a ciki.