Igwa Mai Kallon Tudu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na juya wa teku baya a Lyon ba, ni ɗan Damagaram da babban ruwan da na sani shi ne tapkin unguwarmu.

Gurbin karatun gine-gine nake nema, in kuwa ban samu ba takardun zamana a Faransa sun ƙare, sai gida. Aka ce kowa ya zo da maket, wato ɗan gini na kwali, na ganuwar tsaron bakin teku irin ta da. Kawuna Alhaji, wanda nake taya sauke kaya a Aubervilliers, gefen Paris, ya ba ni kwalaye har da kirari: "Ɗana, mu da muka gaji birni, wa zai koya mana ganuwa?" Sai kaina ya kumbura.

Aiki kam na yi shi. Katanga gajera mai kauri, a kishingiɗe don harsashin igwa ya zame, kusurwoyi kamar tauraro don kowace ta tsare 'yar'uwarta. Da na zo kan igwogi sai na ce teku ai katangar Allah ce, wane mahaukaci zai biyo ta ruwa? A garinmu ta tudu ake kawo hari. Na jera su kaf suna kallon tudu. (Hotuna na gani a littafi, amma katangu kawai idona ya ɗauka.)

Na rungumo abina a jirgin ƙasa daga Paris kamar jariri. A gaban malamai na yi ta zuba, har da nuni da sanda. Sai wata tsohuwar malama ta sauke tabarau.

"Monsieur, jiragen yaƙi fa? Wa zai tare su?"

Wayyo! Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Madam, a garinmu jirgin ruwa bai taɓa kawo hari ba."

Ɗaki ya ɗauki dariya, ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige. Da malamar ta share hawaye ta ce ganuwoyi da yawa ta baya aka ci su, don magina teku kaɗai suke tsoro, kuma ni kaɗai na tuna da bayan. "Juya rabin igwogin, ka dawo mana lokacin kaka."

Na samu gurbin, alhamdu lillahi. Kawu ya ce, "Ai na faɗa maka!"

Tun ranar, kafin in ja layin katanga, sai na tambayi 'yan gari ta ina ɓarawonsu yake shigowa.