Ranar da Na Yi wa Kwamfuta Hayaƙi

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba, wata siririyar "tiiit" da kwamfutar ofishinmu ta yi mini da hantsin Talatar da ta wuce. Har yanzu da nake rubutun nan, ko agogon hannun wani ne ya yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Ina aiki ne a wani ƙaramin kamfani a Funtuwa, inda ake ƙera injinan casar masara da kayan gyaran injin gurzar auduga. Buga tafireta aka ɗauke ni, kuma watan gwaji nake ciki. Amma da yake teburina yana ɗakin da aka ajiye sabuwar kwamfutar zane, Babana ya riga ya shaida wa kowa a kasuwar hatsi cewa 'yarsa ce ke tuƙa ta. (Har daga Ƙarfi wata gwaggona ta zo, wai a nuna mata ni.)

Mai tuƙa ta na gaskiya shi ne Injiniya Bayo, Bayerabe haifaffen Funtuwa, wanda Hausarsa ta fi tawa kaifi. Ranar zai je Malumfashi duba wani inji, ga kuma zanen wani ƙarfe da masu gurza ke jira, injinsu a tsaye, motocin auduga sun yi layi a bakin ƙofarsu.

Ya ce, "Ƙanwata, aikin ya ƙare, kusurwa huɗun nan kawai za ki zagaye. Ki buga umarnin nan, ki taɓa wannan layi, ki taɓa wancan. Ko akuya za ta iya."

Na ce, "To, Oga."

Kusurwa uku suka zagayu kamar bakin ƙwarya. Har na fara tunanin irin kallon da zan riƙa yi wa 'yan ajinmu na sakandare. Ina taɓa ta huɗu sai "tiiit", rubutu ya fito a ƙasan gilashin da Turanci, wai abin ba zai yiwu ba. Shi ke nan bayanin. Ba dalili, ba ga inda kika yi kuskure, ba ko sannu.

Na sake, ta ƙi. Na koma kan kusurwar da ta yarda ɗazu, ita ma yanzu ta ƙi. Na ɗauko littafinta, mai kauri kamar tubalin siminti, na nemo shafin wannan saƙo. Kun san shawarar da masanan da suka ƙera ta suka bayar? Wai in tabbatar na yi daidai. Madalla da wannan ilimi, da ban sani ba.

Daga nan na shiga bincike irin nawa. Na kashe fanka, sai ta yi. Murna ta sa hannuna ya zame na warware abin da na yi, na sake, fankar na kashe, ta ƙi. Na cire takalmi, ta ƙi. Na juya kujera ta fuskanci gabas, ta yi rabi ta tsaya. Na yi mata magana a hankali, na kira ta Hajiya. Sai ta saka mini da alheri: zanen gaba ɗaya ya ɓace, gilashin ya yi baƙi, aka bar mini wasu lambobi da haruffa a jere kamar lambar mota.

Aikin da Oga ya yi makonni yana yi, na cinye shi kafin azahar. Na hango kaina ina komawa gida da takardar sallama, na hango Babana a kasuwa ana tambayarsa, "Malam, ina labarin direbar kwamfuta?"

To, a jakata akwai wani ƙullin turare da Innata ta saka mini ranar da na fara aiki, saboda bakin mutane. Na yi mata dariya lokacin, na ce Inna ai mu 'yan boko ne. (Ku riƙe wannan, mu 'yan boko.) Na fita ba takalmi, na karɓo garwashi a kasko wurin mai tuwon bakin ƙofa, na dawo na rufe ƙofa da taga don kada wani ya gani. Na barbaɗa turare, na shiga zagaya kwamfuta da kasko ina tofa mata addu'a.

Ban san Inna ta haɗa da barkono ba, ko kuwa tsoro ne ya sa na zuba duka, oho. Ɗaki ya turnuƙe. Hayaƙi ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Sai na ji muryar Baba maigadi tana tsaga kamfanin:

"Gobara! Jama'a, injin Bature ya kama wuta!"

Kafin in ajiye kaskon an banko ƙofa. Maƙera ne da bokitai, wasu ruwa wasu yashi, Alhaji Manaja a gaba da babbar riga, bayansa baƙin da suka zo daga gidan gurza karɓar zane. Na ga wani ya ɗaga bokiti ya saita kwamfutar. Ban san lokacin da na yi tsalle na rungume ta ba, ina ihu, "Kar ku jiƙa ta! Turare ne! Wallahi turare ne!"

Ruwan duk a bayana ya sauka. Kowa sai tari yake yi. Ga ni kwance a kan kwamfuta, ba takalmi, ɗankwali a ƙasa, ruwa na ɗiga daga zanina, kasko na ta aikinsa a gefe.

Alhaji ya dube ni, ya dubi kaskon, ya ce, "Malama, aljanun sun fita, ko mu ba ku wuri?"

Aka kwashe da dariya. Baba maigadi ne kaɗai ya tausaya, ya ce, "Ku bar yarinya, ni ma tun da aka kawo abin nan ban yarda da shi ba."

A kan benci na zauna a waje ina bushewa har bayan la'asar, ba wanda ya ce mini tafi ko zauna. Da Injiniya Bayo ya dawo aka ba shi labari, sai da ya dafa bango don dariya. Ya shiga, na bi bayansa, ya kashe kwamfutar, ya kunna. Zanen ya dawo lafiya lau, ashe yana cikin faifai. Ya buga umarnin, ya taɓa layukan. "Tiiit." Shi ma ta ƙi shi! Ya yi tsaki, ya goge layin, ya sake zana shi a daidai inda yake, ya gwada. Ta yi.

Na ce, "Oga, to mene ne ya lalace?"

Ya ce, "Wa ya sani? Haka take yi. Ni ma wani lokacin sai na fita na sha shayi na dawo take yarda."

Alhaji ya leƙo ya ga takarda na fitowa daga injin zane, ya ce, "Gobe ki zo aiki. Wanda ya tare ruwa da bayansa saboda kayan kamfani ba a korarsa. Amma kaskon a mayar wa mai shi."

Sai a lokacin na zauna a ƙasa ina kuka ina godiya. Abin da na koya shi ne, ni da injiniya duk lalube muke yi a gaban na'urar nan. Shi dai nasa laluben ba ya tara jama'a da bokitai.