Akwatin da Clement Ya Binne a Lambun Thora

Clement mutum ne da in ya ƙera cokali sai ya rantse maka shebur ne. Bara kwamitin ƙauye ya sa shi ya ƙera kwafin akwatin ƙarfen nan mai shimfiɗar ulu a ciki, wanda ake saka kyamara a gindin jirgin yaƙi don kada sanyin sama ya daskarar da ita. Kyamarar marigayi kawunsa za a nuna a ciki ranar bikin tunawa da tsohon filin jirgin yaƙi na ƙauyen. Ya ƙera, amma abu ya fito yana ƙyalli kamar sabuwar tukunya. Don ya yi tsatsa ya tsufa, sai ya faki ido ya binne shi a lambun taubashiyarsa Thora, 'yar kawun nasa, ya tafi Sikotland wurin 'yarsa har sanyi ya wuce. Da biki ya matso sai ga shi a ƙofarta da shebur a kafaɗa.

"Sannu da gida, tsohuwa. Ashe sanyin bana bai tafi da ke ba?"

"Ya zo, ya ce kai yake nema. Shebur ɗin fa? Kabarinka za ka haƙa? Bari in ɗora shayi, yau da murna."

"Ajiyata zan ɗauka. Can gindin tuffa."

Thora ta kalle shi sama da ƙasa.

"Wani baƙin abu mai tagar gilashi?"

"Baƙin abu? Ke, wannan akwatin ko matuƙin jirgi ya gani sai ya sara masa! Ulun ciki ma daga tunkiyar da ta ga yaƙin da idonta na samo."

"Tunkiyar ta fi ka hankali. Clement, kai ne? Wallahi kai ne?"

"Ni ne me?"

"Na je dasa dankali, shebur ya ce ƙwal! Na ga ƙarfe mai tsatsa, ga tsohon filin jirgi a bayan katangata. Me kake so in ce?"

Clement ya sauke shebur daga kafaɗa.

"Ba dai kin kira..."

"Sojojin kwance bam! Suka tare titi, suka kwashe mu zuwa zauren coci. Matar fasto ta fito da rabin kitso a kai, mai gidan giya ya fito rungume da kyanwarsa. Ni kuwa da silifas ƙafa ɗaya."

"Ina akwatina, Thora?"

"Suka kai shi gonar bayan gari, suka jibga masa buhunan yashi, suka tarwatsa shi. Daram! Kajina har yau ba su koma yin ƙwai daidai ba."

Clement ya zauna a kan bokiti. Ga biki ya zo, ga kyamarar kawu tsirara, ga kwamiti da ya cika wa baki. Can sai ya ɗago kai a hankali.

"Tsaya. Sojojin sun duba shi da kyau?"

"Babbansu ya zagaya shi yana gumi. Ya ce lalle kayan zamanin yaƙi ne."

"Ya ce haka? Da bakinsa?" Ya miƙe yana buga ƙirji. "Kin ji aikin gwani! Soja guda na ruɗa, mai anini a kafaɗa!"

"Gwanin da ya hana ƙauye cin abincin rana. To kyamarar Baba fa, a hularka za a saka ta? Ko da yake akwai fili, tunda ba komai a ƙarƙashinta."

Thora ta shiga ɗaki, ta fito da gwangwanin biskit, ta dangwara masa a hannu. Ciki ɓarɓashin ƙarfe ne baƙi ƙirin, da ƙonannen ulu.

"Na tsinto maka. Ka jera su kusa da kyamarar. Duk ƙauyen nan ba wanda ba zai zo ganin abin da ya kore shi daga gidansa ba."

Clement ya leƙa gwangwanin, ya fashe da dariya har da hawaye.

"Na sallama, 'yar kawu. Amma kada ki faɗa wa matar fasto ni ne."

"Ai ita zan fara kira. Shigo ka sha shayi tun kana da haƙora."