Dakta Bari-In-Duba Ya Fita Zaɓen Monita

Idan Allah ya tashi yi wa bene gata, sai ya ba shi mutum irin Dakta Bari-In-Duba. Benen shaguna ne: ga tela, ga mai aski, ga mai kemis, ga Hajiya mai labule, duk bayin Allah masu neman na kansu da hannu. Shi kaɗai ke nema da ƙwaƙwalwa. Shagonsa ko allura ba a sayarwa. Tebur ne, kujera mai juyi, sai allo a bakin ƙofa: Cibiyar Shawarwari da Zurfin Bincike. Daktan ma babu jami'ar da ta wahala wajen ba shi. Wata safiya ce ya kalli madubi, ya ga ya cancanta.

Sai kuma uwar gayya, laftof. Baƙa, mai kauri kamar katakon yankan nama, fankarta na gurnani kamar tsohon firji. Kullum bayanta ke kallon jama'a, fuskarta na kallon Dakta da bango. Ka tambaye shi me ya hana famfon ƙasa kawo ruwa, zai gyara tabarau ya ce, "Bari in duba a sistem." Yatsu su hau rawa, ƙaf-ƙaf-ƙaf. Sannan ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya sauke shi kan babban madannin nan na gefe, tau, kamar alƙali ya buga guduma.

"Sistem ya ce matsalar daga ƙasa take."

Allahu akbar. Ilimi kogi ne.

To ga abin da bango kaɗai ya sani. Fuskar kwamfutar nan baƙi ƙirin ce, ta mutu tun kafin ta taka benen. Ta matarsa ce, ta zamanin karatunta. Ta faɗo daga kan gado, gilashin ya ɗauke, Madam ta cilla ta saman wadrob ta manta. Dakta ya sauko da ita, ya hure ƙura, ya ga ƙaramar koriyar fitila na kamawa, fanka na juyawa, ya ce ai wannan ya ishi mai hankali. In ya zura ido cikin baƙin gilashin nan, fuskarsa kawai yake gani. Kuma tsakani da Allah, bai taɓa cin karo da shafin da ya fi burge shi ba.

Ana nan sai zaɓen shugaban masu shaguna ya taso. Kujerar nan Dakta ya ƙwallafa rai a kanta: makullin get a aljihunsa, a ce Ciyaman ya shigo, Ciyaman ya fita. Har hula ya saya. Ya bi shago-shago yana shelar cewa ya gama tsari a sistem, wanda zai kashe matsalar ruwa, da yoyon rufi, da ɓerayen ƙarƙashin matakala, duk a danna ɗaya. Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

Abokiyar takararsa Hajiya mai labule ce, wadda ba ta da sistem sai almakashi da baki. A gaban kowa ta ce, "Madalla, Dakta. To ai gani ya kori ji. A samo monita, allon nan na kwamfuta, a jona, ranar taro kowa ya kalli tsarin nan da idonsa."

Aka tafa. Dakta ma ya tafa.

Duk duniya, mai tsohuwar laftof yana neman monitar da za ta dace da ita ne. Dakta ne mutum na farko da ya tashi haiƙan neman wadda ba za ta dace ba, kuma a karon farko a rayuwarsa ya yi bincike na gaske. Ya kulle ƙofa, ya juya kwamfutar, ya ƙare wa gefenta kallo. Ƙofar jona monita ɗaya tak gare ta: shuɗiya, mai faɗi, da ƙananan huji kamar rariya. Ya haddace ta kamar fuskar maƙiyi.

Ranar zuwa kantin kayan lantarki, kwamiti ya rufa masa baya, wato mai kemis da mai aski. Shi mai askin nan masoyin Dakta ne na a-mutu. Da Dakta zai ce rana daga yamma take fitowa, zai juya kujerar askinsa ya jira ta. Kwamfutar kuwa an bar ta a ofis, saboda dalilan tsaro.

Suka shiga. Monitoci jere reras, sirara kamar faranti, wata har ta lanƙwashe don yanga. Kowa na kallon fuskokinsu, Dakta ya zagaya yana leƙen bayansu ɗaya bayan ɗaya.

Mai aski ya taɓa mai kemis. "Ka ga masana ko? Daga baya suke farawa."

Babu shuɗin baki ko ɗaya. Duk ƙananan ƙofofin zamani ne. Numfashin Dakta ya dawo, da shi da izzarsa. Mai kanti ya tambaya cikin ladabi wane irin baki kwamfutar take da shi. Da Dakta ya ce bai riƙe ba, da an wuce wurin. Amma ina, an ba gwani fili.

"Samari, kwamfutata ba ta kowa da kowa ba ce. Bakinta shuɗi ne, mai faɗi, fuloginta da kusoshi biyu ake murɗa shi, don kada bayanai su zube a hanya. An daina ƙera irinta. Manyan ƙasashe ne suka tsorata."

"Ai akwai adafta, Yallaɓai."

Gumi ya karyo wa Dakta ta ƙarƙashin sabuwar hula, amma harshe bai ba shi kunya ba.

"Adafta! Ka san mene ne adafta? Dillali ne. Ya ji a nan, ya kai can, ya ƙara gishiri a tsakani. Ni in ɗauki sirrin bene guda in damƙa wa dillali? Kwamiti, mu tafi."

Suka dawo hannu na dukan cinya, Dakta na tafe kamar wanda ya ci yaƙi. Bai lura mai aski yana ta motsa leɓe ba: shuɗi, mai faɗi, kusoshi biyu. Baki dai shi ke yanka wuya.

Ranar taro aka jera kujerun roba a barandar ƙasa. Madam ta ci ado ta zo ganin maigida ya zama Ciyaman. Dakta ya ajiye laftof a tebur, baya ga jama'a kamar kullum, ya miƙe da muryar ta'aziyya.

"'Yan'uwa, da baƙin ciki nake sanar da ku cewa fasahar duniya ba ta kamo ni ba tukuna. Mun zaga, mun duba. Babu monitar da za ta iya ɗaukar nauyin abin da ke cikin na'urar nan. Sai dai ku yarda da ni, kamar yadda kuka saba."

"Yallaɓai Dakta! Tsaya! Allah ya rufa asiri!"

Mai aski ne, yana haki, rungume da wata tsohuwar monita mai ƙeya kamar tozon bijimi. Shekara da shekaru ita ke tokare ƙofar shagonsa, a kanta yake ajiye hoda da tawul. Jikinta duk gashin mutane. A wutsiyarta ga fulogi na lilo: shuɗi, mai faɗi, da kusoshi biyu.

"Tun a kanti nake cewa na san bakin nan! Wallahi maƙiya ba za su ga bayanka ba, Yallaɓai."

Kafin Dakta ya haɗa jimla, masoyi ya durƙusa ya jona, ya murɗa kusoshin tamau da hannun ƙauna, don kada bayanai su zube. Ya juya monitar ta fuskanci jama'a. Dakta ya ɗaga ido sama yana roƙon a ɗauke wuta. Wutar da kullum sai an yi mata addu'a take zuwa, yau ta zauna daram kamar an gayyace ta.

Monita ta yi ƙugi, ta ƙifta, ta buɗe ido. Sai ga hoton Madam tana budurwa, da hular kammala karatu, tana murmushi. Ƙarƙashinta wani ɗan farin akwati, fanko.

"Dakta, ina tsarin?" in ji Hajiya mai labule, murya kamar zuma.

Sabo turken wawa. "Bari in duba a sistem."

Ƙaf-ƙaf-ƙaf. Jama'a na kallo, baƙaƙen ɗigo suka cika ɗan akwatin kamar kashin ɓera. Yatsa ya tashi sama. Tau!

Kwamfuta ta ce kalmar sirri ba daidai ba. Ashe duk shawarwarin da benen nan ya sha, a bakin ƙofa Dakta yake tsaye yana ƙwanƙwasawa, ko zaure bai taɓa shiga ba. Sai wani ɗan layi ya fito a ƙasa, irin wanda mai kwamfuta ke ajiyewa don tuna wa kansa kalmar in ya manta. Mai kemis, da ya saba karanta rubutun likitoci, ya matso ya karanta da ƙarfi, dalla-dalla:

"Baban yara, na san kai ne. Ajiye min kayana."

Tusa ta ƙare wa bodari.

Madam ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi. "Au, ashe tana aiki?" Ta kwance kusoshin da kanta, ta sa laftof a hammata, ta dubi mai aski. "Malam, a ba ni aron wannan, ka ga sun dace." Mai aski, da har yanzu bai gane me ya faru ba, ya ɗauko mata har bakin get. Makullin get ɗin kuwa, kafin a kwashe kujeru yana cikin jakar Hajiya.

Amma kada wani ya yi zaton bene ya yi asarar gwarzonsa. Cibiyar Shawarwari tana nan a buɗe. Mai aski ya ga teburin Yallaɓai ya yi fayau, tausayi ya kama shi, ya kawo masa ƙaramin madubi ya jingina a daidai inda laftof take zama.

Dakta ya gyara tabarau, ya duba. Sistem bai canja ba.