Ɗigon da Ya Tashi Sama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare aikina na kammala digirin Fiziks a Minna ba, ƙarshen shekarun casa'in. Gurbin ƙaramin malami ɗaya tak ya rage a sashenmu, kuma an ce wanda ya burge Farfesan da aka gayyato shi zai samu. Baba, tsohon ma'aikacin reluwe, ya riga ya sanar da duk layinmu a Sabon Gari cewa ɗansa ya zama lakcara. Har babbar riga ya sa, ya zo ya zauna a baya.

Batuna mai sauƙin faɗa ne. In ƙaton tauraro ya rushe, yakan dunƙule ya zama ɗigo. In shinge ya kewaye ɗigon, haske ba ya fitowa: baƙin rami ke nan. In babu shinge, haske na iya kuɓutowa. Sai na zana baƙaƙen da'ira biyu, na bar ɗan farin tabo a tsakiyar ta biyu, na kai wani shago a Tudun Fulani aka buga min su a robar da ake ɗorawa a majigi a haska a bango. Ban duba ba. (Ina ni ina dubawa, ina fama da hadda?)

Na ɗora robar, na ba bango baya, na shiga zuba kamar rediyo.

"Kun ga hasken nan na tsakiya? Shi ne bambancin!"

Farfesa ya gyara tabarau. "Samari, juya ka nuna mana."

Na juya. Innalillahi! Tawadar injin ta cinye tabon. Baƙaƙen da'ira biyu, kamar tagwaye. Can na hango wani ɗan abu a gefen ta biyu, na kai masa sanda da sauri.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe, ya ɗan goce ne."

Sai abin ya taka, ya goge hannuwansa, ya tashi. Ƙuda ne a kan gilashin majigi.

Ajin ya fashe da dariya. Wani aka ba gurbin, ni kuwa ban sake taka sashen ba. Har yau abin na ci min rai, wallahi.

A hanyar gida, da muka iso bakin layinmu, Baba ya juyo ya dube ni. "Ni dai ban gane taurarin ba," in ji shi a hankali, "amma ƙudan na gan shi sosai."

Tun ranar, ko hanyar masallaci zan nuna wa baƙo, sai na juya na duba tukuna.